Lonzo Rewis da Wankan Kaska

A ƙauyen Ellabee, can ƙasan jihar Georgia inda daji ke haɗuwa da fadama kafin a shiga Florida, in aka ce wane ya iya magana, to da Lonzo Rewis ake auna shi. Ba mai arziki ba ne, ba shi da muƙami a coci, karatunsa ma bai wuce na sa hannu ba. Amma in ya zauna a barandar kantin ƙauyen ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya cusa taba a kumatu, wanda aka aiko sayen gishiri sai an sake aiko wani ya kira shi.

Bakin nan gadonsa ya yi wurin kakansa Asa, wanda ya rene shi bayan rasuwar ubansa. Asa ya tafi yaƙin Kudu da Arewa yana saurayi, ya dawo da hannu ɗaya, ya tarar sojojin Arewa, waɗanda ake kira Yanki, sun kora alfadaran gidansu. Bai taɓa mallakar bawa ko ɗaya ba, amma ya bar hannunsa a fagen yaƙin masu bayi, kuma wannan ba maganar da ake yi masa ba ce. Har ya mutu bai taɓa kiran gwamnatin Washington da sunanta ba, sai dai ya ce "su". Ranar da ƙasa ke bikin 'yancin kai shi huɗa yake fita. Yakan dafa kan Lonzo da hannun da ya rage masa ya ce, "Sun ci mu da yaƙi, amma ba su saye mu ba. Abin da ke cikin jiharka naka ne." Lonzo ya haddace wannan tun kafin ya san inda Washington take.

Da ya isa aure ya auri Zella Tomberlin, marainiya mai ƙarancin magana, wadda ta tare da akwati ɗaya da ƙaninta Dewey. A gidan Lonzo Dewey ya girma. Lonzo ne ya koya masa kaɗa bulala ta yi ƙara kamar bindiga, da bin sawun saniya a cikin ciyawa, da sanin fadamar da kada ke kwana. Dewey yana kiransa Yaya, kamar yadda yake kiran Zella. Da aka yi babban yaƙin Turai aka ɗauki Dewey soja. Ya dawo da tari a ƙirji da labarin shanun da ya gani a can, waɗanda ya ce ɗaya ta yi uku na Ellabee. Aka yi masa dariya. Ya yi aure, aka haifa masa 'ya, amma ba shi da gona ko taki ɗaya.

Shanun wannan yanki ba a san su da turke ba. Sake suke a daji, kowa da tsagar kunnen nasa, sai shekara ta zagayo a tattaro su a yi wa maruƙa shaida a sake su. Ƙanana ne, ƙasusuwa a waje, kaska jere a wuyansu da cinyoyinsu kamar tsakiya. Babu wanda ya ɗauki wannan a matsayin ciwo. Haka aka gan su tun kakanni, haka Allah ya yi saniya. Sai ga doka ta zo cewa kaskar ce ke sa zazzaɓin da ya sa aka hana shanun Kudu shiga kasuwannin Arewa, don haka dole kowa ya kawo shanunsa duk bayan mako biyu a tsoma su a ramin siminti cike da ruwan magani mai guba, tun daga bazara har shigowar sanyi.

Mutanen ba don wauta suka ƙi ba. Tattaro shanu daga dajin da ba shi da iyaka aikin kwanaki ne, a daidai lokacin da ciyawa ke cinye auduga. Wata saniyar ta sha ruwan ta mutu, wata fatarta ta saɓule, wata ta yi ɓari. Saniyar tatsar Lonzo, wadda 'yarsa Nadine ke shan nononta, ta zame a bakin ramin ta karye, da hannunsa ya harbe ta. Kuma mutanen da ke zuwa daga birni da farar riga suna duba aikin, magana suke yi wa dattawa kamar masu koya wa yara wanke hannu.

A cikin wannan hali ne Dewey ya karɓi aikin duba wankan. Aka ba shi doki da lamba ta ƙarfe ya maƙala a ƙirji. Ranar Lahadin da ya zo cin abinci gidan yayarsa, Zella ta dafa kaza da ganye da gurasar masara, amma babu wanda ya ji ɗanɗanonsu. Dewey ya yi ta bayani, ya ce shekara biyu ko uku ne kawai a huta har abada, ya ce ai dokar ma a Atlanta, babban birnin jihar, aka yi ta, 'yan jiharsu ne suka ɗaga hannu.

"Hannun nasu ne," in ji Lonzo, "amma wa ke riƙe da igiyar? Kai wa ke biyanka?"

Dewey ya sunkuyar da kai ya ce Washington.

"To ci abincinka, magana ta ƙare."

Asabar ɗin da ta biyo, a barandar kanti, wani ya tambayi Lonzo yadda yake ji da surukinsa ya zama babban mutum. Lonzo ya tofar da taba ya ce gwamnati ta yi dabara, ta ga kaska ba ta jin magani sai ta ɗauki ɗaya aiki ta sa mata lamba. Aka kwashe da dariya. Ya tashi ya kwaikwayi tafiyar Dewey, ƙirji a gaba, yana goge lambar da hannun riga, yana ɗan tarin nan nasa. Kafin rana ta faɗi sunan ya bi gari. Yara suka riƙa bin dokin Dewey suna "Kaska, raɓi mai jini". Mata suka daina gaisar da matarsa a bakin rijiya. Da ya kai ƙarar wasu da suka ƙi kawo shanu, coci ta zauna ta cire shi daga cikinta, wai ya kai 'yan'uwa gaban hukuma. Ranar Lonzo bai ɗaga hannu ba, bai kuma ce uffan ba, amma dattijon da ya kawo maganar da sunan Kaska ya kira Dewey, a cikin ɗakin ibada.

Aka fara fasa ramukan da nakiya. A fasa, gwamnati ta sake ginawa, a sake fasawa. Lonzo bai taɓa riƙe nakiya ba. Aikinsa shi ne washegari ya gyara labarin ya sa masa gishiri, har wanda ya yi abin ya ji kansa jarumi. Zella ta ce masa sau ɗaya, tana tankaɗe gari ba ta ko dube shi ba, "Kai wasa kake yi, su ba wasa suke ji ba." Ya ce ai yaron ba zai mutu don an tsokane shi ba.

Lokacin matsar rake, alfadari na zagaya injin, tukunyar maɗi na tafasa, sai ga Dewey ya zo ya tsaya nesa da mutane da hularsa a hannu. Ya rame. Ya ja Lonzo gefe ya gaya masa an kashe masa kare, an jefa mushe a rijiyarsa, matarsa ba ta iya barci.

"Ka sassauta mini, Yaya. Ba cewa na yi ka goyi bayana ba. In kai ka yi shiru, su ma za su gaji."

Lonzo ya dubi yaron da ya goya a kafaɗa suka ƙetare rafi, zuciyarsa ta karye. Ya ce ya ji, ya daina. Har ya cika masa tulu da maɗi ya ce ya kai wa 'yar. Kuma da gaske yake a lokacin.

Amma Asabar ta zo, baranda ta cika, wani ya ce an ga Kaska a gidansa, me ya zo nema? Aka yi tsit ana jira, idanu duk a kansa. Lonzo ya yi niyyar ya ce ba komai. Sai ya ji kansa yana cire hula, yana matse ta a ƙirji, yana marairaice murya, "Ka sassauta mini, Yaya." Mutane suka yi ta faɗuwa. Cleon Dukes, wani ƙaton mutum mai shanu da yawa wanda aka riga aka ci tara sau biyu, ya yi dariya har da hawaye, ya ce to yanzu ya za a yi da ita? Lonzo ya ce kaska ai ba a kai ta kotu, tsakanin farce biyu ake sa ta. Ya haɗa farcen manyan yatsunsa ya nuna.

Abin ya faru ne da hantsi, ranar wanka, a ramin da ke kusa da gadar Ellabee. Mutane da yawa suna wurin, ƙura ta tashi, shanu na kuka. Lonzo ne ke riƙe da ƙofar shinge yana sakin su ɗaya bayan ɗaya. A ɗaya bakin kuma Isom ne, wani baƙar fata da ke noma a gonar haya, wanda suka yi wasan ƙasa tare da Lonzo, yana shafa wa kowace saniyar da ta fito fenti a ƙugu. Cleon ya kawo rabin shanunsa ya ce su ke nan. Dewey ya ce ya san ba su ke nan ba, in bai kawo sauran ba za a kamo su a tsare. Suka yi musayar magana. Cleon ya juya ya nufi keken dokinsa.

Lonzo ya gan shi. Ya san abin da ke ƙarƙashin buhun da ke bayan keken, don kowa ya sani. Tsakanin keken da ramin akwai tazarar da za ta ishi mutum ya yi kira, ya ce Dewey juyo, ko ya ce Cleon bari. Bakin da bai taɓa rufuwa ba ranar bai buɗe ba. Daga baya ya sha gaya wa kansa cewa ya zaci tsorata shi kawai za a yi. Abin da ya fi cin ransa shi ne ya tuna sarai abin da ke kansa a wannan lokacin. Tunani yake yadda zai ba da labarin ranar Asabar, yadda zai kwaikwayi Dewey in ya ga bakin bindiga.

Sai aka ji ƙarar bindiga, Dewey ya faɗi a bakin simintin. Shanu suka watse. Isom ne ya yar da fentin ya ruga ya tallafi kan Dewey, sauran mutane kowa ya tsaya inda yake. Dewey ya ɗan yi tarin nan, shi ke nan. Cleon ya mayar da bindigar ƙarƙashin buhu ya kora shanunsa gida. A keken Lonzo aka kai gawar. Da Zella ta fito ta gani ba ta yi kururuwa ba, ta koma ciki ta ɗora ruwa a wuta. Tun da coci ta riga ta cire Dewey, a bayan shingen maƙabarta aka haƙa masa, wajen da ake zubar da busassun furanni. Matarsa ta ɗauki 'yarta ta koma wurin danginta a Florida, ba a sake jin ɗuriyarsu ba.

Ma'aikatan tarayya suka zo bincike suka tarar da ƙauyen makafi. Wani ya ce ƙura ta rufe masa ido, wani ya ce ya zagaya bayan itace. Saura Isom. Manyan baranda suka ce ya kamata wani ya je ya ba shi shawara, kuma wa ya fi Lonzo iya lallashi? Ya same shi a gonar dankali, ya yi ta kewaye-kewaye, ya tambayi lafiyar yara, ya ce an ce ana ɗaukar ma'aikata a tashar jiragen ruwa ta Jacksonville. Isom ya dogara da fartanyarsa yana saurare har ya gama.

"Mista Lonzo, korata aka turo ka ka yi?"

"Shawara na kawo maka, Isom."

"Shawarar farin mutum ai ba a cewa a'a." Ya dubi kunyoyin da bai kai ga tona ba. "Ni na ga abin da na gani. Kai ma ka gani, ka ma fi ni kusa."

Kafin mako ya ƙare Isom ya kwashe iyalinsa, ya bar dankalinsa a ƙasa da kabarin uwarsa. Lonzo ya riƙa gaya wa kansa cewa ransa ya ceta, don baƙin mutum da ya ba da shaida kan fari a wancan zamani ba ya ganin wata kakar. Wannan gaskiya ce. Sai dai ya san ba ita ta kai shi gonar ba.

Duk da haka aka gurfanar da Cleon, aka kira Lonzo ba da shaida. Ranar shari'a Zella ta goge masa farar rigarsa, ta miƙa masa, ta ce za ta zauna a inda zai gan ta. A hanya ya yi ta saƙa da warwara. In ya faɗi gaskiya ya miƙa ɗan Georgia ga kotun Yanki, abin da kakansa zai tofa wa yawu daga kabari. Za a ƙone masa rumbu, a yi wa Nadine abin da aka yi wa 'yar Dewey. Sannan akwai wanda ya fi duka nauyi, wanda bai yarda ya kalla ba: in Cleon mai laifi ne, to wa ya wasa masa wuƙar?

Lauyan gwamnati wani saurayi ne daga Ohio mai magana ta hanci, ko sunan Rewis bai iya faɗa daidai ba. Ya tambaye shi ina yake kallo lokacin da aka yi harbin. Ɗakin ya cika maƙil da mutanen gida, masu yanke hukuncin ma duk manoma ne irinsu. Lonzo ya gyara zama ya ce, "Bayan saniya nake kallo, ranka ya daɗe. In ka taɓa tsayawa a ramin wanka za ka san daga nan hatsari ke fitowa." Kotu ta ɗauki dariya, har alƙali ya rufe baki da hannu kafin ya buga tebur. Lonzo bai kalli bencin da Zella take ba. Aka sallami Cleon. A waje mutane suka yi ta dukan bayan Lonzo suna cewa ya koya wa Yanki hankali.

Suna komawa gida a keke, da suka fita daga gari, Zella ta ce, "Mista Rewis, tsaya in sauka." Da ƙafa ta ƙarasa. Tun daga ranar ba ta sake kiransa da sunansa ba. Ba ta yi yaji ba, ba ta fasa dafa masa abinci ba, in ya yi zazzaɓi ita ke zama a kansa. Amma Mista Rewis ne, kamar baƙon da ya kama ɗaki a gidanta.

Gwamnati ba ta janye ba. Ta turo mutane da bindigogi suka yi gadin ramukan, wanka ya ci gaba, masu gunaguni suka gaji. Cikin 'yan shekaru kaska ta ɓace kamar ba a taɓa yin ta ba. Aka buɗe kasuwa, aka kawo manyan bijimai daga waje waɗanda a da zazzaɓi zai kashe su cikin wata guda. Shanun Lonzo suka yi ƙiba, fatarsu na sheƙi, ya ƙara ɗaki a gidansa, ya tura Nadine makarantar koyon aikin jinya. Babu wanda ya taɓa cewa a baranda ashe Dewey ya yi gaskiya. Lonzo kuwa in ya shafa wuyan maraƙi ya ji shi sumul, sai ya janye hannu kamar ya taɓa garwashi.

Cleon ya zama dattijon coci, shi ke zagawa da farantin karɓar baiko. Ba su taɓa tayar da maganar ba, shi da Lonzo. Amma duk sanyin da Cleon ya yanka alade sai ya aiko da cinya guda. Lonzo ba ya iya mayarwa, ba ya kuma iya shiga da ita gida, sai ya tare ɗan aiken a hanya ya karɓa ya jefa a fadama. Da Cleon ya mutu, Lonzo na cikin waɗanda suka ɗauki akwatin. Sau ɗaya ya gwada buɗe cikinsa ga wani sabon fasto, yana farawa faston ya dafa shi ya ce, "Ɗan'uwa Lonzo, wancan ai zamanin yaƙi ne. Kowa ya san ka tsaya wa mutanenka." Ya yi godiya ya fito.

Zagin Washington kuwa bai daina ba, don shi ake zuwa ji. Da gwamnatin tarayya ta kawo wutar lantarki ƙauyen ya ce so suke su riƙa ganin abin da talaka ke ci da dare, aka yi dariya, shi ma ya sa aka ja masa wayar. Abu ɗaya ne ya canja, wanda ba kowa ya lura ba: bai ƙara laƙaba wa wani mutum mai rai suna ba.

Ya tsufa, ya fara dogara sanda, lokacin da babbar kotun ƙasa ta ce a haɗa 'ya'yan farare da na baƙaƙe a makaranta ɗaya. Kudu ta ɗauki zafi kamar an zuba wa wuta kananzir. Aka fito da tsofaffin tutocin yaƙi daga cikin akwatuna, kowa na maganar haƙƙin jiha. A gundumarsu aka shirya babban taro a filin kotu, da gasasshen naman alade da masu busa. Wani saurayi mai neman kujera ya zo har gida ya ce suna so tsohon da ya taɓa tsaya wa Washington ya yi magana. A lokacin akwai shugaban makarantar garin, Mista Peavy, mutumin kirki mai sanƙo, wanda kawai ya ce doka doka ce ko ba a so, aka fara jifar tagoginsa. Lonzo ya ji labarin, ya gane hanyar, don shi ya taɓa share ta. Ya ce zai zo. Ya ƙudurta a ransa zai gaya musu inda irin wannan ke ƙarewa.

Aka taimaka masa ya hau dandamali, aka sa masa abin magana a baki. Ya dubi taron, jikokin mutanen baranda ne, wasu da yara a kafaɗa. Ya ce, "Dewey Tomberlin ƙanin matata ne." Sai wani tsoho daga baya ya ce, "Kaska!" Filin ya ɗauki dariya, sun zaci shimfiɗar labari ce. Dariyar ta zo masa kamar ruwan sanyi a maƙogwaron mai ƙishi. Ya daɗe bai ji irinta ba, daga mutane masu yawa haka. Ya tsaya, ya buɗe baki don ya ce ba haka ba ne, sai ya ji ya shiga labarin lauyan Ohio da bayan saniya. Ya ba da shi daga farko har ƙarshe, ya ma fi na da daɗi. Aka yi tafi, masu busa suka kama. Kafin shekara ta ƙare an kori Mista Peavy daga garin, da wani suna da wani yaro mai baki ya laƙaba masa. Lonzo bai sake taka barandar kanti ba. In an tambaya sai ya ce ƙafa ce.

Zella ta kwanta ciwon ajali a wata bazara. Nadine ta zo daga Jacksonville tana jinyarta. Wata rana da la'asar Zella ta ce wa 'yar ta ba su wuri, ta nuna wa Lonzo kujera. Ta ce in ta mutu a bayan shinge take so a sa ta, kusa da ƙaninta, ba a wurin kaburburan gidan Rewis ba. Ya ce to. Ya daɗe yana murza hularsa, sannan ya ce akwai abin da bai taɓa gaya mata ba.

"Na sani. Isom ya biyo ta nan kafin ya tafi, kana daji. Ya gaya mini inda kowa ya tsaya."

Ya ajiye hular a gwiwa. Ashe duk shekarun nan da ta yi tana zuba masa abinci tana sane.

"Tsoro na gane shi, Mista Rewis, ni ma na ji tsoro. Da ka ce ba ka gani ba ka yi shiru, da na haƙura tuntuni. Dariyar da ka sa aka yi ce ta tsaya mini."

Ya ce ta yafe masa. Ta rufe ido ta ce ta yi ta ƙoƙari, kuma ba ta daina ba. Bayan kwana kaɗan ta cika. Dattawan coci suka yi gunaguni, wai mace mai ibada irinta ba ta dace da bayan shinge ba, me mutane za su ce? Lonzo bai yi musu da kowa ba, ya ɗauki shebur ya nuna wa masu haƙa wurin.

Ya sayar da shanun, wani kamfanin takarda ya sayi gonar ya dasa itatuwa. Ya koma wurin Nadine a Jacksonville, inda jikokinsa suka taso suna ganin kakansu mutum ne mara magana, mai zama a baranda yana kallon motoci. Ya sa Nadine ta yi ta cigiya a asibitin da take aiki har aka gano unguwar da Isom ya zauna. Ya hau bas shi kaɗai, ya sami gidan, ya ƙwanƙwasa. Wani magidanci mai furfura ya buɗe, mai goshi irin na Isom sak, ya ce Baba ai ya daɗe da rasuwa, wa za a ce ya zo? Lonzo ya dube shi ya ce wani ne daga Georgia. Mutumin ya jira ko zai ƙara wani abu. Lonzo ya ɗaga hula ya juya.

A sanyin da ya biyo ciwon ƙirji ya kama shi. Da Nadine ta ga abin ba na tashi ba ne, ta tambaye shi ko yana so a sa shi kusa da Mama, don akwai sauran wuri a bayan shingen. Ya girgiza kai.

"A'a," ya ce. "Uwarki ba ta gayyace ni ba."

Aka kai shi Ellabee aka binne shi a cikin shinge, gefen kakansa Asa, inda aka daɗe da tanadar masa.